Hannaye Huɗu da Doka ta Yarje wa Duka

Sashe na 55 na kundin laifuffuka na Arewacin Najeriya, wanda lauyoyi da 'yan sanda ke kira Final Kod, ya lissafa mutum huɗu da za su ɗaga hannu su doki wani ba tare da doka ta ɗauki abin a matsayin laifi ba. Na farko uba ko uwa ko mariƙi, a kan yaron da bai kai shekara 18 ba. Na biyu malamin makaranta, a kan ɗalibin da aka damƙa masa. Na uku ubangida, a kan yaron aikinsa ko mai koyon sana'a a hannunsa. Na huɗu miji a kan matarsa, in har al'adar da suke bi ta amince da hakan. Sharaɗin shi ne a yi dukan da niyyar gyara, kuma kada ya kai ga mummunan rauni. An rubuta kundin a 1959, ya fara aiki a 1960, daf da samun mulkin kai, an kuma gina shi a kan na Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga kundin da Turawan Ingila suka tsara wa Indiya a 1860.

Gida da makaranta da wurin aiki, wurare ukun da ake ta kokawa da cin zali a cikinsu, duk sun taru a wannan sashe guda. Dukan ɗaki da dukan aji da dukan gareji uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: yarda da cewa na sama yana da iko a kan fatar na ƙasa, muddin ya sa wa abin da ya yi suna horo. Matuƙar wannan izini yana nan, a takarda da kuma a zukatan mutane, duk gangamin da za a yi na yaƙi da cin zali ɗiban ruwa ne da kwando. Rigakafin da zai yi aiki sai ya janye izinin, ya ba mai horo abin da zai riƙe a madadin bulala, ya kuma buɗe bakin masu tsayawa kallo.

Mene ne mummunan raunin da doka ta sa a matsayin iyaka? Kundin ya fayyace shi a sashe na 241. A ciki akwai makantar da ido, kurmantar da kunne, lalata wata gaɓa, ɓata fuska har abada, karya ƙashi ko haƙori, da duk raunin da ya sa rai cikin haɗari ko ya bar mutum cikin azabar ciwo har kwana 20. Gaskiya ne sashe na 55 ya ƙara da cewa kada horon ya wuce hankali, a kuma duba shekarun wanda ake horarwa da lafiyarsa. To amma wa ke auna hankalin? A mafi yawan lokuta mai riƙe da bulalar ne, a daidai lokacin da ransa ya fi ɓaci. Tsakanin marin farko da karyewar haƙori akwai fili mai faɗi, kuma a cikin wannan filin ne miliyoyin yara da mata ke kwana suna tashi.

Alƙaluman da ke hannu sun nuna girman filin. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda ke samun taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Wani binciken na Hukumar Ƙididdiga a 2021 ya nuna kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara 1 zuwa 14 an hore su da duka ko tsawa mai firgitarwa a cikin watan da ya gabaci tambayar. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 kuwa ya ce kashi 31 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka tun daga shekara 15, fiye da rabinsu ba su taɓa neman taimakon kowa ba. Abin da ya fi ɗaure kai a wannan binciken shi ne, matan da suka yarda miji yana da hujjar dukan matarsa a kan abu kamar ƙona abinci ko fita ba izini sun fi mazan da suka yarda da hakan yawa. Izinin ya shiga jini har wadda ake duka ta zama mai gadinsa.

Hujjar farko da ake kare duka da ita kowa ya san ta: mu ma an doke mu, ga shi mun zama mutane. Mai wannan magana yakan manta da abu biyu. Ya manta da abokan karatunsa da suka gudu daga makaranta saboda dorina, suka ƙare a tasha, ba kuma wanda ke gayyatarsu su ba da shaida. Ya kuma manta da tambayar kansa ko dukan ne ya gyara shi, ko kuwa uwar da ke zaunar da shi da dare tana masa nasiha, da malamin da ya gane yana da kai ya ja shi a jiki. A 2016 wasu masana biyu a Amurka, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor, sun tattara binciken shekara hamsin da ya shafi yara fiye da 160,000. Ba su samu shaidar cewa duka yana kyautata halin yaro ba. Abin da suka samu shi ne yana tafiya tare da ƙaruwar taurin kai da faɗace-faɗace da damuwar zuciya. Duka yana tsayar da yaro nan take, shi ya sa iyaye ke ganin yana aiki. Abin da yaron ya koya kuwa shi ne ya duba hagu da dama kafin ya sake.

Ana kuma jawo karin maganar nan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karin maganar daidai take, masu jawo ta ne ba sa sauraron ta da kyau. Tanƙwarawa aka ce. Duk wanda ya taɓa ganin mai yin baka ko mai gyara sandar kiwo ya san aikin na lallaɓawa ne da ɗaukar lokaci, wanda ya yi gaggawa sai ya ji ƙas a hannunsa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, domin da addini ake kafa ta, kuma bai kamata a tsallake ta da gatse ba. Akwai hadisin da ya yi maganar umartar yaro da salla yana ɗan shekara bakwai da dukansa a kanta yana ɗan shekara goma. Akwai aya ta 34 a Suratun Nisa'i, wadda ta ambaci dukan mata. Ba wanda ya isa ya ce babu su. Abin tambaya shi ne yadda malaman da aka gaji karatu daga gare su suka fahimce su, da kuma yadda wanda aka saukar wa Alƙur'anin ya rayu. Nana A'isha ta ba da shaida, kamar yadda yake a Sahihu Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma bai taɓa jin ko tsaki daga bakinsa ba. Abu Mas'ud yana cikin dukan bawansa Annabi ya riske shi ya tuna masa cewa ikon Allah a kansa ya fi nasa ikon a kan bawan, nan take ya 'yanta shi. Mace, yaro, ma'aikaci: mutanen da sashe na 55 ya buɗe ƙofa a kansu su ne waɗanda sunna ta nuna an kame hannu daga gare su.

Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da Damagaram, sun ɗaure dukan ɗalibi da igiyoyi masu yawa. Ibn Sahnun na Ƙairawan, a littafinsa na ladubban malamai da ya rubuta tun ƙarni na uku bayan Hijira, ya taƙaita shi a bulala uku, ƙari sai da izinin uba, kada a wuce goma, kada a taɓa fuska ko kai, kada kuma malami ya yi duka don huce fushinsa. Ibn Khaldun ya ware babi guda a Muƙaddima kan illar tsananta wa ɗalibai, inda ya nuna cewa yaro ko bara da aka rena da ƙarfi yakan koyi ƙarya da yaudara da kasala, domin tsoro ya koya masa ɓoye abin da ke ransa. A kan mata kuwa, an ruwaito Ibn Abbas ya kwatanta dukan da ayar ke nufi da na asuwaki, Aɗa'u ɗan Abi Rabah ya ga kada ma a yi shi, Ibn Ashur na Tunisiya kuma ya bayyana a tafsirinsa cewa hukuma tana da ikon hana shi ta hukunta mai yi idan ta ga maza sun wuce gona da iri. A fiƙihun Malikiyya, matar da ta tabbatar da cutarwa a gaban alƙali tana da haƙƙin a raba auren. To, a cikin dukan da ake gani yau da bel da wayar wuta da muciya da taɓarya, wanne ne ya yi kama da asuwaki? Wane malami ne ke ƙirga uku ya tsaya? Wanda ke son ya fake da nassi sai ya ɗauke shi da sharuɗɗansa, in kuwa ya ɗauka da sharuɗɗan zai ga kusan ba abin da ya rage a hannunsa.

Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya daɗe yana taɓo wannan miki. Tun 2017 ya nemi a yi wa jihar dokar zamantakewar iyali, ya kuma sha faɗa a bainar jama'a cewa ya gaya wa 'ya'yansa mata su rama idan miji ya mare su. An yi ta ce-ce-ku-ce kan ramuwar, wasu na ganin zuga ce. Ramuwa dai ba magani ba ce, macen da ta rama mari a ɗakin da ba kowa tana iya fita a makara. Amma abin lura shi ne hayaniyar da aka yi kan marin da za a rama ta fi wadda aka taɓa yi kan marin farko.

A al'adar Bahaushe akwai birkin da aka tanada tun da can, shi ne yaji. Mace ta ji ba za ta iya ba, sai ta ɗauki mayafinta ta tafi gidansu. Miji ba ya samun ta sai ya yi biko, ya zo da manyansa, ya zauna a gaban surukai an tona abin da ya yi, ya ji kunya, a ja masa kunne. Wannan kotu ce ƙarama, kuma tana aiki ne saboda akwai shaidu da kuma inda za a gudu. Yau birkin ya saki ta fuska biyu. Zaman gandu ya ragu, ma'aurata suna haya a unguwar da ba wanda ya san su, maƙwabci ya ji kuka ta katanga sai ya ƙara ƙarar rediyo ya ce tsakanin miji da mata sai Allah. Ga kuma talauci: uban da ke fama da bakin da ke gidansa ya ga 'yarsa ta shigo da yara huɗu da kumburarren ido, kafin ta sauke jaka ya ce ta koma. Ki yi haƙuri, aure ibada ne, zo mu zauna zo mu saɓa, harshe da haƙori ma ana saɓawa. In ta matsa sai a ce in ɓera da sata daddawa ma da wari. Haƙuri halin kirki ne, amma wanda ake nema kullum daga ɓangare ɗaya ya tashi daga haƙuri ya koma haraji. Mijin da ya ga an dawo masa da ita a daren ba tare da an ce masa uffan ba ya samu amsar tambayarsa.

Daga gida yaro ke ɗaukar darasin ya tafi da shi makaranta. A makarantun kwana ana ganin sarƙar a fili. Malami ya doki siniya, siniya ya doki jiniya, jiniya ya haɗiye yana ƙirga shekarun da suka rage masa. Kamun kunne, tsallen kwaɗo, gwale-gwale a rana, wanki da guga da ɗiban ruwa na wani ƙato, ƙwace garin kwaki da sukari da madarar da uwa ta haɗa da ƙyar. Ranar da jiniyan ya zama siniya, wanda ya zalunce shi ya daɗe da barin makarantar, sai ramuwar ta faɗa kan ɗan wani da bai san hawa ba bai san sauka ba. Hukumar makaranta ta san da wannan sarai. Ita ce ta miƙa wa firifet bulala domin malamin da ke kula da ɗakin kwana ya samu ya yi barci a gidansa. Yaro ɗan shekara 17 da aka ba iko a kan yara hamsin bayan an kashe fitila, ba babba a kusa, me ake tsammanin zai yi da shi? A tsangaya ma tsarin bai sha bamban ba, gardi a kan titibiri, titibiri a kan ƙolo, iyaye kuma suna can wata jiha. Akwai alarammomi masu tausayi da ba sa barin a taɓa musu yaro, amma ƙolon da ya faɗa hannun wanda ba haka yake ba, wa zai kai wa ƙara? Har camfi aka ƙirƙira don sanyaya zuciya, wai inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba.

Wayar hannu ce ta fara fito da abin da bango ke rufewa. A watan Oktoban 2021 wani bidiyo daga wata makarantar Islamiyya a Jihar Kwara ya nuna ana tafkar ɗalibai da bulala har jikinsu ya farfashe, gwamnatin jihar ta dakatar da shugaban makarantar. A watan Afrilun 2024 wani ya fito daga wata makarantar kuɗi a Abuja, ɗaliba tana ta marin 'yar uwarta, wasu na tsaye suna kallo, wani na ɗauka, har ministar mata ta sa aka rufe makarantar na 'yan kwanaki. Makarantar Larabci a ƙauye da ta 'ya'yan masu kuɗi a babban birni, cuta ɗaya.

Ƙarshen wannan hanya shi ne gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa da ke Kaduna suka fito da maza da yara kusan 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, wasu ma daga ƙasashen maƙwabta aka kawo su. Cikin makonnin da suka biyo baya aka bankaɗo irinsa a Daura da Katsina da Zariya da Ilori da Ibadan, waɗanda aka kuɓutar suka haura dubu. Ba sace mutanen nan aka yi ba. Iyayensu ne suka kai su, suna biyan kuɗi duk wata, domin an ce za a gyara musu kangararru da 'yan ƙwaya. A nan ma sai an yi wa iyayen adalci. Binciken 2018 kan shan ƙwaya ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a ƙasar ke ta'ammali da ita, likitocin ƙwaƙwalwa kuwa 'yan ɗaruruwa ne ga al'umma fiye da miliyan 200. Uban da ɗansa ke sace kayan gida yana zare wa uwarsa wuƙa, in an rufe gidan mari ina zai kai shi? Rufe gidajen ba tare da buɗe wuraren jinya ba tura sana'ar ne cikin lungu.

Wannan ita ce hujja ta uku, kuma ita ce mafi gaskiya: in an karɓe bulala, me za a riƙe? Malamin firamare da ke tsaye gaban yara fiye da ɗari, ba littafi, ba benci, albashi bai zo ba, ba zai saurari huɗubar da ba ta zo masa da mafita ba. Mafitar kuwa an gwada ta a wurin da ya yi kama da nan. A gundumar Luwero ta Uganda, ƙungiyar Raising Voices ta gwada wani tsari a makarantun firamare 42, rabi suka bi tsarin rabi suka ci gaba yadda suke. An koya wa malamai hanyoyin riƙe aji ba da duka ba, aka kafa kwamitocin ɗalibai da na malamai da na iyaye, aka rubuta dokokin makaranta tare da yaran, aka ajiye akwatin ƙorafi. Bayan wata 18, a makarantun da ba su canza ba kusan kashi 49 cikin ɗari na yara suka ce wani malami ya doke su a makon da ya wuce, a waɗanda suka bi tsarin kuwa kashi 31. Dukan bai ƙare ba, amma ya ragu sosai, ba tare da an gina sabon aji ko an kori malami ba.

Game da cin zalin yaro a kan yaro, aikin da aka fi dogara da shi na Dan Olweus ne. A 1982 wasu yara uku a arewacin Norway suka kashe kansu bayan tsangwamar abokan karatu, shekara mai zuwa ƙasar ta ƙaddamar da gangami na ƙasa baki ɗaya. Olweus ya bambanta cin zali da faɗa. Faɗa tsakanin tsara ne, yau ka ka da ni gobe na ka da kai. Cin zali kuwa da gangan ake yinsa, ana maimaita shi, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ko gata ko yawan magoya baya. Malamin da bai san wannan bambanci ba shi ne ke cewa ku duka ku durƙusa, ya haɗa mai duka da wanda aka doka ya zane, daga ranar kuma wanda aka zalunta ba zai sake kawo ƙara ba. Faɗan da ya fi ƙarfinka, in ji Hausawa, sai ka mai da shi wasa, shi ya sa yaron da aka fi ci wa zali sau da yawa shi ne ke dariyar yaƙe. Matakin farko a tsarin Olweus bai da tsada: a raba wa ɗalibai takarda ba suna, su faɗi inda ake yi da lokacin da ake yi. Amsar takan nuna wurare kaɗan ne, banɗaki, bayan ajujuwa, layin abinci, hanyar komawa gida, ɗakin kwana da dare. Sai a sa babba a wurin a wannan lokacin. A makarantun Bergen da aka fara gwadawa, cin zalin ya ragu da kusan rabi.

'Yan Finland suka ƙara wani abu da shirinsu na KiVa, wanda Jami'ar Turku ta tsara. Sun lura mai cin zali yana neman suna ne, sunan kuma 'yan kallo ke ba shi, saboda haka suka mai da hankali kan 'yan kallon. Bahaushe bai buƙaci a fassara masa wannan ba, ya san ingiza mai kantu ruwa, ya kuma san ba a mugun sarki sai mugun bafade. Ranar da masu dariya suka daina dariya, mutum biyu ko uku suka koma gefen wanda ake tsangwama, kasuwar ta watse. A can baya ana cewa ɗa na kowa ne, amma an fi amfani da maganar wajen ba kowa damar dukan yaron da ya yi laifi a titi. Ɗayan rabin nata, wato kowa ya tsaya wa yaron da ake zalunta, shi ne aka bari ya mutu.

Wurin aiki shi ne ɓangaren da aka fi yin shiru a kansa. Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki a 2022, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 kotun ma'aikata ke da hurumin sauraron ƙarar neman lalata da ma'aikaci. Wannan zai amfani ma'aikacin ofis, inda ba a ɗaga bulala amma ana horar da mutum da takardar tuhuma, da hana ƙarin girma, da cilla shi ƙauye don ya ƙi yin abin da oga ke so. Sai dai fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a ƙasar ba su da ofis ba su da takardar ɗaukar aiki. Wurin aikinsu shi ne gareji da shago da tasha da kicin ɗin wani. Yaron kanikanci da aka jefa da sifana don ya miƙo lamba goma maimakon sha biyu ba zai je kotun ma'aikata ba. 'Yar aikatau da dillaliya ta ɗauko daga ƙauye, kuɗinta na tafiya wurin uwarta don tara kayan ɗaki, ita ce ta ƙarshen kwanciya ta farkon tashi, ita ce kuma ta farko da za a tuhuma in ɗan kunne ya ɓace. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, amma a unguwannin masu hali nawa ne ba a samun irinta tana goye da jaririn da ya kusa kai ta nauyi? Waɗanda za su iya taɓa wannan duniya su ne shugabannin da take jin maganarsu: sarkin kasuwa, shugaban tasha, ƙungiyar makanikai da ta teloli, mai unguwa, limamin masallacin layi. Ƙungiyoyin nan suna cin tarar ɗan ƙungiya in ya ƙi biyan kuɗin mako. Me zai hana su ci tarar wanda ya fasa wa yaronsa kai? A Damagaram an ga yadda makarantar mazaje, inda magidanta ke zama su ja hankalin 'yan uwansu magidanta kan lafiyar matansu, ta sauya abin da ma'aikatan asibiti suka kasa sauyawa da lasifika.

Saura hujja ta ƙarshe, wai duk wannan ajandar Turawa ce. Masu faɗin haka sai su duba rigar da sashe na 55 ke sanye da ita. A zamanin Turawa aka rubuta shi, takwaransa na Kudu shi ne sashe na 295 na kundin can, kundin da aka gina a kan dokar Queensland ta Ostareliya, tushensu kuma tsohuwar ƙa'idar Ingila ce ta horo daidai kima. Ingila kanta ta hana bulala a makarantun gwamnati tun 1987. Sweden ce ta fara haramta dukan yara gaba ɗaya a 1979, amma Togo ta yi a 2007, Kenya da Tunisiya a 2010, Benin da ke maƙwabtaka da Kebbi a 2015.

Dokokin da za su maye gurbin sashen suna nan. Akwai dokar haƙƙin yara ta 2003, wadda Kano ta yi nata samfurin a 2023 bayan shekara ashirin. Akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara uku ga wanda ya doki abokin aurensa, ta ɗauki cin mutunci da baki a matsayin laifi, ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya da zai nisanta mai duka daga wanda yake duka. Abuja kaɗai ta shafa da farko, jihohi suka riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, Kano na cikin waɗanda suka fi jan ƙafa. Matsalar ita ce a wurare da dama da sabuwar doka ta shigo ba a goge tsohon sashen ba, ɗan sandan da ke kan kanta yana da littafi biyu a gabansa, kuma wanda ya fi saba wa kunnensa shi ne mai cewa ku je gida ku sasanta. Goge sashen aikin majalisar dokokin kowace jiha ne, na Abuja kuma na Majalisar Tarayya, gyaran bai wuce 'yan layuka ba. Abin da ya fi gyaran wuya shi ne wurin da mace ko yaro za su kwana a daren da suka kai ƙara. Cibiyoyi irin su Waraka a Kano da Salama a Kaduna suna karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe da cin zarafi, su duba lafiyarsu, su rubuta shaidar da kotu za ta karɓa, amma a manyan garuruwa suke, matar da ke ƙauyen da ke nesa da titi kuwa mai unguwa da ofishin Hisba ne iyakar inda ƙafarta za ta kai kafin gari ya waye.